Tsohon keken dako: yadda za ka gane kayan da za su yi masa kafin ka saya

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na gaji wani tsohon baƙin keke daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi shekaru yana kai burodi shaguna da shi. Ƙafar gaba ƙarama ce, ta baya babba, kuma akwai faffaɗan ƙarfen ɗora kwando a gaba wanda yake haɗe da firam, ba ya juyawa tare da kan keken. Tambarin gaba ya faɗi tuntuni. Ina so in tashe shi. Na sayo taya mai lamba 26 da mai lamba 20, ta baya ta ƙi hawa, ta gaba kuma ta yi sako-sako. Na sayo sabon kofin boris na wurin feda, ya shiga zagaye biyu ya cije. Yaya zan gane irin keken da kayan da suka dace da shi, kuma a ina ake samun su?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa Aljanna ce makomarsa. Kafin mu je ko'ina, wannan kofin da ya cije, ka warware shi a hankali ka ajiye. Kada ka bari wani ya ce maka tsatsa ce, ya ɗora masa doguwar sifana ya danna. Idan tiredin da ke cikin firam, wato haƙoran da kofin yake bi yana ɗauruwa, ya mutu, gyaransa ya fi duk sauran aikin keken wuya. Sannan duk abin da ka kwance daga jikin keken nan, ko noti ne da ya lauye, ka zuba shi a gwangwani ka adana. Tsohon kayan shi ne awonka. Yadda uwa take karya tsinke daidai tsawon ƙafar yaro ta tafi da shi kasuwa sayen takalmi, haka za ka riƙa tafiya da tsohon ƙarfe a aljihu duk lokacin da za ka sayi sabo.

Siffar da ka bayyana ta keken 'yan kasuwa ce irin ta Ingila, wanda mahauta da masu burodi da masu kanti suke ba yaransu su kai wa mutane saƙo gida. An ƙanƙanta ƙafar gaba ne don kwandon ya sauko ƙasa, nauyi ya zauna kusa da hanya, an kuma haɗa kariyar, wato ƙarfen ɗora kwandon, da firam don kaya kada su riƙa fizgar hannun mai tuƙi. Kamfanoni da yawa sun ƙera shi: Raleigh, Phillips, Hercules, BSA, Humber, sai kuma biyu da suka fi ƙwarewa a kansa, wato Gundle da Pashley. An kafa Pashley a Birmingham a 1926, ya sayi Gundle a 1974, kuma har yanzu yana ƙera kekuna a Stratford-upon-Avon. A Amurka ma kamfanin Schwinn ya yi mai kama da shi daga 1939 zuwa 1967, amma shi hannun fedarsa ƙarfe ɗaya ne tanƙwararre, ba shi da kotafin, wato ƙusar da take ɗaure hannun feda da aksul, don haka da kallo ɗaya za ka raba su.

Abin da ya rikita ka shi ne kasuwarmu cike take da kayan wani keken daban. Baƙin keke mai ƙafa 28 da birkin sanda, wanda manomi yake ɗora wa buhu kuma mai itace yake yi wa lodi, shi ne keken dakonmu na gaske: Raleigh da aka riƙa shigowa da shi har kamfanin ya buɗe masana'anta a Kano, sai Phoenix da Flying Pigeon na ƙasar Sin, da Hero da Avon da Atlas na Indiya. Da yawa daga kayan waɗannan za su yi wa naka. Wasu kuwa kama kawai suke yi, kuma masu kamar su ne suke cinye kuɗin mutum.

Fara da firam, domin idan ya mutu babu dalilin sayen komai. Shafa yatsa a ƙarƙashin sandar da ta gangaro daga wuya zuwa gidan feda, dab da wuyan. Idan ka ji ƙullutu ko fenti ya tattare a wurin, keken ya taɓa yin karo da gaba. Ɗaura zare daga ƙarshen firam na baya, ka zagayo da shi ta wuya ka komar ɗaya ɓangaren, ka auna tazarar zaren da sandar sirdi dama da hagu; idan ta bambanta sosai, firam ya karkace, amma ƙarfe ne, gwani zai miƙe shi. Sai ka duba inda kariyar ta haɗu da firam, nan ne tsaga take fara fitowa. Idan akwai ta, waldar gas da tagulla za a yi, domin da ita aka haɗa shi tun asali. Waldar lantarki tana ƙona siririn bututu, ta riƙe wata biyu, sannan ya tsage a gefen ɗinkin.

Gane kamfanin kuwa sai an haɗa shaidu. Ramukan da tambarin ya bari su ne na farko: tambarin Raleigh mai kan zalɓe ƙusa uku yake da ita. Na biyu farantin sarƙa. Raleigh yana huda siffar zalɓen a jikinsa, Rudge tafin hannu, Phillips sunansa, BSA haruffansa, Humber wasu 'yan mutane riƙe da hannun juna a zagaye. Na uku lambar firam, wadda ake bugawa a wuyan sandar sirdi, ko ƙarƙashin gidan feda, ko kusa da aksul na baya. Goge ta da kananzir da buroshi, kada ka sa samfefa mai kaushi. A tsarin da Raleigh ya shiga daga 1974, harafin farko yana nuna masana'anta, N na nufin Nottingham, na biyu lokacin shekara, lambar da ke biye kuma ita ce lambar ƙarshe ta shekarar. Na huɗu hob na baya, wato cibiyar ƙafar. Idan na Sturmey-Archer ne, za ka ga an buga samfurinsa da shekara da wata a jikinsa, misali AW sannan 63 da 5, wato Mayun 1963. Sai dai keken da ya yi shekara hamsin yana aiki, da wuya a ce ba a taɓa sauya masa ƙafa ko faranti ba, don haka shaida ɗaya ba ta yanke hukunci.

A gaskiya ni sunan kamfani bai dame ni sosai ba, sai don abu ɗaya da yake kai mu gare shi, wato tiredi, kuma nan ne amsar kofinka take. Masana'antun Birmingham da sauran Ingila sun yi tarayya a ma'auni guda: gidan feda mai tiredi 24 a kowane inci. Raleigh, saboda girmansa da kuma yadda yake ƙera kusan komai da kansa a Nottingham, ya tsaya a nasa: 26 a inci, a gidan feda da kuma wuyan fok. Kaurin kusan ɗaya ne, bambancin bai kai rabin milimita ba, shi ya sa kofin yake kamawa ya yi zagaye biyu ko uku kafin haƙoran su saɓa. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne saye-sayen da Raleigh ya yi: Humber a 1932, Rudge a 1943, Triumph a 1954, sashen kekunan BSA a 1957, sannan a 1960 ya haɗe da rukunin da ya mallaki Phillips da Hercules. Da aka mayar da ƙirar waɗannan sunaye Nottingham, sai suka koma tiredin Raleigh. Ka ga ke nan Phillips na 1955 da Phillips na 1968 suna ɗaya ne, amma kofin wannan ba ya shiga wancan. Kayan Indiya da na Sin da ke kasuwa kuwa yawancinsu 24 ne.

Tabbatarwa ba ta buƙatar injin komai. Ɗora rula a kan tiredin tsohon kofinka ka ƙirga haƙoran da ke cikin rabin inci: 12 na nufin ma'aunin gama-gari, 13 na nufin Raleigh. Sannan auna faɗin gidan feda daga baki zuwa baki. Na gama-gari milimita 68 ne, na Raleigh 71 ko 76. Idan ƙirgar ta nuna 12 kuma sabon kofin ya cije, to datti ne ko haƙori ya lanƙwashe, ko kuma ka juya shi ta inda ba daidai ba, domin kofin dama, ɓangaren sarƙa, tiredin hagu gare shi a dukkan ma'aunan biyu, wato da juyi hagu yake ɗauruwa. Haka ma fedar hagu.

Idan 13 ce, shawarata ita ce ka koma wa tsofaffin kofunanka. Wanke su da kananzir, ka duba hanyar da boris yake bi. Idan santsi ce mai sheƙi ba rami, sun fi duk wani sabo da za ka samu a kanti. Da tsohuwar zuma ake magani. Sau da yawa boris ne kawai ya mutu ko aksul, kofin lafiya lau yake. Idan sun rarake, nemi mataccen firam na Raleigh, ko da na mata ne ko na 28, ka ciro nasa, domin tiredin ɗaya ne. Akwai masu sake yanka tiredin firam ya koma 24. Yana yiwuwa, kuma yana riƙewa idan gwani ya yi, amma sabon tiredi ne a kan gawar tsoho, ga shi keken kaya ne da za a riƙa taka shi da ƙarfi. Na bar wannan a matsayin dabarar ƙarshe.

Aksul na tsakiya awo uku gare shi: tsawonsa duka, tazarar da ke tsakanin kafaɗu biyun da boris yake hawa, da tsawon ɓangaren sarƙa. Na tsakiyar ne mutane suke mantawa. Saboda gidan Raleigh ya fi faɗi, kafaɗun aksul ɗinsa sun fi nisa da juna. Ka sa na gama-gari, kofin hagu zai nutse ciki har zoben kullewa ya rasa inda zai kama. A jikin na Raleigh za ka iya ganin 16 ko 16GC, na biyun ya ɗan fi tsawo don ya ba giyakes, wato murfin sarƙa, wuri. Boris kuwa kullum sabo ake sa wa, kuma duka a sauya lokaci ɗaya, daga leda ɗaya: na kwatan inci guda 11 kowane gefe a gidan feda, 9 kowane gefe a hob na baya mai firiwil, na 3/16 guda 10 kowane gefe a yawancin hob na gaba, sai ƙanana na 5/32 a wuya, inda Raleigh yake cin 25 sama 25 ƙasa. Wasu kekunan kaya suna da hob na gaba mai kauri da yake cin manya, don haka ƙirga abin da ka tarar kafin ya watse a ƙasa.

Kotafin ƙaramin abu ne amma shi yake lalata aksul da hannun feda idan aka raina shi. Na Ingila kaurinsa milimita 9.5 ne, haka yawancin na Indiya da Sin. Na Faransa 9 ne, zai shiga ya riƙa rawa. Sayi biyu iri ɗaya, ka gyara fuskarsu da magagari daidai wa daida, ka sa su suna kallon saɓanin juna, in ba haka ba fedodin ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Kada ka ja shi da noti, tiredinsa siriri ne, zai tsinke. Ana tokare hannun fedar da guntun bututu daga ƙasa, a buga kotafin ya zauna, sannan a ɗaure notin. Tokarin yana hana bugun guduma sauka a kan boris da kofin da ka sha wahalar samu.

Wuyan fok ma haka labarin yake: inci ɗaya, 26 ko 24. Kofunan da aka danna cikin firam ba su da tiredi, amma na sama mai juyawa da notin da ke kulle shi dole su bi tiredin fok. Kuma fok na keken nan ba a samun madadinsa a kanti, an yi shi ne don ƙaramar ƙafa da dogon wuya. Idan ya lanƙwashe, a miƙe shi a sanyi, kada a gasa.

Notocin aksul su ma ba na milimita ba ne. Na gaba yawanci 5/16 ne, na baya 3/8, dukkansu 26 a inci, na Sturmey-Archer kuma 13/32. Notin milimita 10 na zamani zai hau aksul na 3/8 kamar ya yi, sai ranar da aka ɗaure shi da kyau ya zame ya tafi da tiredin. Kawunansu ma awon Whitworth ne, shi ya sa sifanar milimita ba ta zama daidai a wasunsu. Sifana mai daidaitawa mai kyau, wadda bakinta bai buɗe ba, ta fi sifanar da ba ta zauna ba. Idan hob na gaba na Raleigh ne marar notin kulle kon, wato ƙarfen da boris yake hawa a kan aksul, kon ɗin da ba ya motsi yana zama a dama, mai daidaitawa a hagu. Aka juya ƙafar, tafiya za ta riƙa ɗaure kon da kanta har ta niƙe boris.

Yanzu taya, inda kusan kowa yake asara. Lambar 26 ko 20 ko 28 da ake faɗa a kasuwa kimanin tsayin taya ne daga waje, ba ta gaya maka faɗin bakin da zai zauna a rim. Lambar da ke aiki ita ce wadda ake rubutawa kamar 40-635 ko 47-559: ta farko faɗin taya, ta biyu faɗin da'irar rim inda wayar bakin taya take zama, duka da milimita. Tayoyi biyar ne aƙalla suke amsa sunan 26. Akwai 559 ta kekunan zamani masu giya, wadda ita ce ka sayo, akwai 571, akwai 584, akwai 590 da ake rubuta wa 26 x 1 3/8, akwai 597. Babu wadda take hawa rim ɗin wata. Keken 'yan kasuwar Ingila yawanci 26 x 2 x 1 3/4 yake ci a baya, wato 54-571, a gaba kuma 20 x 2 x 1 3/4, wato 54-400. Tayar yara mai lamba 20 da ke kasuwa 406 ce. Lissafin ya fito daidai da abin da ka gani: ta baya ta gaza da milimita 12 ta ƙi hawa, ta gaba ta zarce da 6 ta yi sako-sako. Kada ka hau wannan ta gaban ko da ta yi kamar ta zauna bayan an ba ta iska. Za ta iya fita daga rim a kan hanya, ga kaya a gabanka.

Ka kiyaye wannan ƙa'idar: 1.75 da 1 3/4 a lissafin makaranta abu ɗaya ne, a taya kuwa girma biyu ne daban. Idan tsohuwar tayar tana nan, nemi lambar a gefenta. Idan babu, zagaya rim da siririn tef na tela a daidai inda bakin taya yake kwanciya. Kimanin milimita 1794 na nufin 571, 1756 na nufin 559, 1854 na nufin 590, 1995 kuma 635 ce ta baƙin keke. A gaba, 1257 na nufin 400, 1275 na nufin 406.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma kai za ka zaɓa. Har yanzu ana yin 54-571 da 54-400, ana samun su wurin masu sayar da kayan tsofaffin kekuna a Ingila da Holan ta intanet. Tayar 47-571 da ake yi don tsofaffin Schwinn ita ma tana hawa. Amma akwai siririyar tayar tsere mai 23-571. Za ta hau, ba ta ɗaukar kaya, kada araharta ta ja ka. Idan rim ɗinka lafiyayyu ne, ni zan bar su, in sayi taya biyu-biyu lokaci ɗaya tun da kuɗin aikowa ne mai yawan, in adana na ajiya a ɗaki mai duhu nesa da zafin kwano. Idan kuwa tsatsa ta cinye su daga ciki har farce yana ɓantare ƙarfe, ko kuma keken zai koma aikin yau da kullum inda taya za ta iya fashewa a ƙauye, to a ɗaura sababbin rim na 559 da 406 a kan tsofaffin hob, ka huta da neman taya har abada.

Sauya rim yana da sharuɗɗansa. Ramukan rim dole su yi daidai da na hob. Tsohuwar al'adar Ingila 32 ce a gaba 40 a baya, rim na zamani kuwa yawanci 36. Ƙirga naka. Kaurin sifok ma haka: lamba 14 milimita 2 ce, 13 kuma 2.3, 12 kuma 2.6, kekunan kaya sun fi amfani da masu kaurin, kuma dole notin sifok ya shiga ramin rim, jikinsa ya wuce ramin hob. Sharaɗi mafi nauyi shi ne birki. Birkin sanda yana jan roba ne sama ta kama cikin rim ta ɓangaren sifok, don haka sai rim mai faffaɗan ciki mai doro a tsakiya, irin wanda ake kira Westwood, wato irin na baƙin keke. Rim na zamani mai miƙaƙƙen gefe an yi shi ne don birkin waya mai matsewa daga gefe. Idan ba ka samu Westwood a girman da kake so ba, sai ka koma hob mai birki a cikinsa, ko na ganga irin na Sturmey-Archer ko na taka feda baya irin Torpedo na Jamus. Wannan kuma sauya hob ne, sai an auna tazarar firam, domin tsofaffin kekuna sun fi na yanzu matsatsi gaba da baya.

Kayan birkin sanda na 28 da ke kasuwa za su ba ka robobi, da gidajensu, da ƙananan notoci, wani lokaci har da sandar baya. Sandar gaba ce ba za ta yi ba, taka ta fi tsawo saboda ƙanƙantar ƙafa. Mai injin feƙe ƙarfe zai yi maka ita idan ka kai masa tsohuwar. Wurin ɗaura roba, rufaffen bakin gidanta ya kalli inda ƙafa take juyawa, wato gaba, don kada rim ya zare ta. Kuma ka sani tun yanzu, rim na ƙarfe mai sheƙi ba ya jin birki idan ya jiƙe. Da damina a rage lodi, a fara kamawa tun daga nesa.

Sarƙa mai sauƙi ce. Yawanci rabin inci ce da faɗin 1/8, irin ta kowane baƙin keke, amma wasu kekunan kaya suna da haƙora masu kauri da suke son 3/16. Ɗora sabuwar a kan faranti a shagon. Idan ba ta zauna har gindin haƙori ba, mai faɗin kake buƙata. Tiredin firiwil 24 ne kusan ko'ina, na kasuwa zai hau. Nemi mai haƙora 20 ko 22 maimakon 18, gwiwarka za ta ji bambanci idan kwando ya cika. Idan hob mai giya uku ne na AW, wanda aka fara yi a 1936, kada ka yi saurin yanke masa ƙauna. Sau da yawa 'yan ɗigon man inji marar kauri ta ramin mai suke tashe shi, kuma kayan cikinsa na shekaru daban-daban suna shiga juna. Man gyaɗa ko manja daskarewa suke yi a ciki su kama ƙananan haƙoran. A daidaita wayarsa da kyau, domin tsakanin giya ta biyu da ta uku akwai wurin da feda take sakin jiki.

Akwai abubuwa uku da kuɗi ba ya saya: kariyar gaba, da jak ɗin da yake saukowa daga ƙarƙashinta, da allon ƙarfen da ke tsakiyar firam inda ake rubuta sunan kanti. Kowane kamfani da nasa tsari, na Gundle ba ya zama a Raleigh. Idan suna nan, ko sun lanƙwashe, a gyara su. Abin yana ba ni takaici in ga an yanke kariyar asali an jefar don an ce ta yi nauyi, alhali ita ce ta sa keken ya zama abin da yake. Kwando kuwa ba sai ka nemo daga waje ba. Kai wa mai saƙa awon bakin kariyar da zurfinta, zai saƙa maka daidai.

Wurin saye, fara da tsofaffin masu gyaran keke, musamman na ƙananan garuruwa da ranar kasuwar ƙauye. Da yawansu suna da gwangwanayen da suka shekara talatin suna tara kofuna da kon da aksul na asali. Je da ladabi, ka nuna tsohon naka, ka bar shi ya tona da kansa. Sai 'yan gwangwan, da wurare irin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, inda mataccen keke guda zai iya ba ka abin da za ka yi wata shida kana nema ɗaya-ɗaya. Kayan da suke cinyewa, wato sarƙa, boris, tub, robar birki, feda, a saye su sababbi a kanti. Sunan da ke jikin kwali ko tambarin da ke wuyan keke ba hujja ba ne, domin ana sayar da tambari da sitika daban, kowa yana iya mannawa. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne magagari: goga shi a gefen kon ko kofi, inda boris ba ya bi. Ƙarfen da aka gasa da kyau zamewa magagari yake yi a kansa. Idan ya ci ya fitar da gari, wata uku ba zai yi ba.

Ta intanet kuwa, ƙananan abubuwa masu wuya kawai suka cancanci kuɗin jirgi: kofunan 26, kayan wuya, ƙananan kayan Sturmey-Archer, da tayoyin nan biyu. Nemi mai sayarwa ya ɗauki hoton abin kusa da rula, ya kuma rubuta maka lambar tiredi ko ta taya. Tsohon ƙarfe da ba a taɓa amfani da shi ba abin so ne. Tsohuwar roba ko fata kuwa, ko tana cikin takardarta, shekaru sun riga sun busar da ita.

Sirdin da ya dace da irin wannan keke shi ne mai manyan sifirin kamar Brooks B33, ko kwaikwayonsa na Indiya wanda ya fi araha nesa ba kusa ba. Yana hawa sanda mai siririn kai na 7/8, sandar Raleigh kuma yawanci milimita 25.4 ce, amma auna taka. Idan ƙarfen tsohon sirdin yana nan, baduku zai iya ja masa sabuwar fata mai kauri. Da hunturu a riƙa shafa mata ɗan mai kaɗan don kada iska ta tsattsaga ta.

Fenti shi ne na ƙarshe. Kafin samfefa ta taɓa firam, wanke shi, ka shafa tsumma mai ɗan mai, ka fita da shi rana. Sau da yawa inuwar tsohon rubutu da siraran layukan ado suna bayyana, wani lokaci har sunan kamfanin da kake nema, ko sunan gidan burodin a jikin allon. Ɗauki hotonsu. Idan baƙin fentin asali ya rage da yawa, ni ba zan kankare shi ba, gogewa da mai ta ishe shi. Idan ka gama haɗawa, fara hawa ba kaya, sannan da rabin lodi a fili marar motoci, kana gwada birki. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku, sake buga kotafin da tokari ka ƙara ɗaure notinsu, ka bi sifok ɗaya bayan ɗaya, ka kuma girgiza ƙafafun gefe da gefe ka ji ko kon ya saki. Allah ya ba da sa'a.